Kaskon Kaka a Ɗakin Fenti

Har yau in na wuce shagon kayan gini warin diliyan ya bugi hancina, sai in ga na koma Tasawa, cikin ɗakin ajiyar gidanmu, tsakanin buhunan hatsi da wani tsohon keken ɗinki da ya daina aiki tun kafin a haife ni. A can na fara zane da fentin mai, ina 'yar lise, wato babbar sakandare, shekarar da na ɗaura niyyar maido wa Kaka Biba fuskar ɗanta.

Ɗan nata shi ne mahaifina, Salifu. Malamin lakwal ne, makarantar boko, a Gidan Amumune. Ya rasu ina ƙarama, mahaifiyata ta sake aure a Korgom, ni kuma aka kawo ni hannun Kaka da ƙanen mahaifina, Baba Dalhatu. Hotonsa guda ne ya rage, na jikin katin shaida, shi ma ruwan damina ya taɓa shiga akwati ya cinye rabinsa. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka kunya ba ta taɓa bari ta kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. In ta matsu sai ta ce "mutumin Gidan Amumune". Ko a zaman makokinsa, in ji mata, ba wanda ya ga hawayenta. Amma ni da nake kwana ɗakinta na san takan ciro katin nan ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta mayar. Wata rana tana tsefe mini kai ta ce, kamar da bango take magana, ta fara manta yadda bakin mutumin nan yake in zai yi dariya.

Mushe Moctar, malaminmu na Faransanci, shi kaɗai na sani mai zane da fenti a garin. Da aka mayar da shi Mayahi, ya bar mini ragowar kayansa: fenti cikin 'yan matse-matse kamar na man goge baki, burusai, kwalbar man lin da ake kwaɓa fenti da shi, da yadi da ya riga ya ɗaure a kan katako. Diliyan kuwa, ruwan nan mai kama da kananzir da ke tsinka fenti ya wanke burushi, ya ce in sayo kaɗan. Ya tsayar da ni a ƙofar aji ya yi ta nanata mini. Shafin farko da ɗan diliyan, na sama da mai, in na juya su zanen zai tsattsage kamar ƙasar tabki da rani. Kada in zuba shi a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. Kada in yarda wani ya ce esans, wato fetur, ma yana yi. Tsumman da ya sha mai ko diliyan a jefa shi cikin gwangwani mai ruwa. Sama da komai, ya ce, wuri mai iska, nesa da wuta.

Na so in yi aikin a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar bedi. Baba Dalhatu ya hana. Ba mugu ba ne, shi ya biya mini komai na makaranta da cinikin hatsinsa, kuma bai taɓa goranta mini ba. Amma mutum ne na sahun gaba a masallaci, kuma zanen abu mai rai bai kwanta masa ba ko kaɗan. Ya ce ba zai yi rigima da marainiya ba, amma idon maƙwabta ba zai gani ba. In dai sai na yi, to ɗakin ajiya, ƙofa a rufe. Tagar ɗakin guda ce, tana kallon lungu, kuma an daɗe da buga mata fallen kwano saboda ɓarayi. Na ce masa malamina ya ce sai da iska. Ya ce malamina ya tafi Mayahi da iskarsa.

Ya zaci zan haƙura. Bai san ɗiyar wansa ba.

Kullum na dawo lise sai in shige, in ja ƙofa, in bar 'yar kafar da haske zai shigo. Lokacin bazara ne, ɗakin kamar tanda. Diliyan na cikin gwangwanin madara a gefena, warinsa ya cika wurin har ina jin ɗanɗanonsa a harshe. Na fara da goshi, don shi ya fi fita a katin. Idanu na aro daga madubi, tunda kowa na cewa nasa na ɗauko. Ina cikin aiki kaina yakan fara sarawa daga ƙeya, buhunan hatsi su riƙa lilo, sai in rufe gwangwanin in fita in zauna bakin randa har ƙasa ta tsaya. In koma. Yatsuna suka bushe suka daddare. Tuwo ya daina yi mini daɗi. Duk da haka ban taɓa son wani wuri kamar ɗakin nan ba, don a nan ne kullum mahaifina yake ƙara fitowa daga cikin yadi, yau kunne, gobe gefen hula.

Kaka ba ta taɓa cewa tana son gani ba. Sai dai ta tashi neman abin da bai ɓata ba. Ta turo ƙofa ta ce ludayinta take nema, ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce 'yar boko za ta kashe su da wari. In ce mata tsohuwa, ludayi dai ba ya hawa bango. Ta harare ni, ta saci kallon yadin, a kan hanyar fita ta ce wa ƙofa hancin bai kai haka tsawo ba. In gyara. Da haka muka gina fuskar, ni da burushi, ita da ludayin da ba a taɓa samu ba.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin ɗakin, magana ta fita. Matan unguwa suka shigo dubiya, kowace da nata. Aka ce iska ce, ta shiga hoton tunda an yi masa idanu, ita ke shan jinina. Na ce musu wari ne da rashin taga, suka dubi juna irin kallon da ake yi wa wanda boko ya ɓata. Baba Dalhatu ya tsaya a kaina, fuskarsa duk tsoro, ya ce in na sake faɗuwa, ko wani abu ya sake faruwa a ɗakin nan, da hannunsa zai kai allon hoton bayan gida ya cinna masa wuta. Na san in ya faɗa zai aikata. Saura baki kawai ya rage mini, bakin da saboda shi na fara.

Kaka ta ji sharaɗin. Ba za ta iya cewa a bar mata hoton ɗan farinta ba. Sai ta nemi hanyar da ta sani. A wurinta, ɗakin da wari ko iska ya kama, maganinsa hayaƙi ne: garwashi a kasko, a barbaɗa turaren wuta da 'yan saiwoyi, a zagaya kusurwa huɗu. Haka take yi wa ɗakin mai jego, haka take yi wa ɗakin da aka fitar da gawa.

Wata Asabar bayan azahar kaina ya fara sarawa, na fito da sauri don kada in faɗi a ciki, gwangwanin a buɗe, tsummokaran da nake goge burushi a kan buhu. Na zagaya bayan ɗaki ina zuba ruwa a kai. A nan ne Kaka ta lallaɓa da kaskonta. Daga baya ta ba ni labari: ta zagaya kusurwa biyu, kaskon ya yi mata zafi, sai ta miƙa hannu ta ɗauki tsumma ta riƙe bakinsa da shi, ta sunkuya ta hura garwashin.

Salatinta na ji. Da na iso, tsumman na ci a ƙasa, wuta ta bi ta kama bakin gwangwanin, harshenta na lasar ƙasan allon. Na fizgo Kaka waje. Matar Baba ta taho da bokitin ruwa, na tare ta, don Mushe Moctar ya gaya mini ruwa watsa irin wannan wutar yake yi. Na kife kwanon awo a kan gwangwanin, na kwashi yashin tsakar gida da tasa na yi ta zubawa har hayaƙi kaɗai ya rage. Sannan na ɗauko allon na fito da shi rana, na jingine shi jikin bedi, na koma kan Kaka. Tafin hannunta ya tashi. Na tsoma shi cikin ruwan randa ina riƙe da wuyan hannun, tana ta ce mini ba komai, ita da ta yi shekaru tana ɗaukar garwashi da yatsa.

A haka Baba Dalhatu ya shigo daga sallar la'asar. Ya dubi hayaƙin, ya dubi hannun uwarsa, ya nufi bedi kai tsaye.

Na miƙe na sha gabansa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baba, ba iska ba ce. Tagar da ka hana a buɗe ce ta kayar da ni, ita ta sa Kaka shiga da wuta. In ka ƙone wannan zan sake wani, ko a gidan wa."

Ya ce in kauce. Ya kewaye ni ya ɗauki allon da hannu biyu. Wuta ta ci rigar da ke jikin hoton daga ƙirji zuwa ƙasa, hayaƙi ya dusashe gefe guda, amma fuskar na nan, ba baki. Na ga ya ɗan tsaya da ya dube ta, sai ya kawar da kai ya juya zuwa bayan gida.

Kaka na zaune a kan tabarma, hannunta cikin ƙwarya. Ba ta ɗaga kai ba.

"Dalhatu," ta ce, "aje mini Salifu."

Matar Baba ta rufe baki da hannu. Baba Dalhatu kansa, da ya girma a ɗaki guda da wansa, bai taɓa jin sunan daga bakin uwarsu ba. Ya daɗe a tsaye, allon a hannunsa. Sannan ya dawo ya jingine shi inda ya ɗauka, a hankali, ya gyara masa zama don kada ya zame. Ya ce a kira kabu-kabu a kai tsohuwa likita.

Washegari da safe ƙarar guduma ta tashe ni. Na leƙa lungu na gan shi yana ɓamɓare fallen kwanon daga taga. Bai ce zanen ya halatta ba, har yau bai ce ba, kuma bai sake duban hoton a gabana ba. Ya ce dai hatsi ma na son iska.

A bakin tagar nan na ƙarasa. Diliyan na koma zuba ɗan kaɗan a kwalba mai murfi, burusai kuma na riƙa goge su da man gyaɗa in wanke tas da sabulu, tsummokara cikin gwangwanin ruwa a waje. Kaina bai sake sarawa ba, matan unguwa suka ce hayaƙin Kaka ne ya kori iskar, na bar su da abinsu. Kaka ta daina neman ludayi. Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune bakin ƙofa, hannunta naɗe da bandeji, tana ba ni umarni kamar mai gona. Na ce tsohuwa, kaskonki dai ya tsaya can nesa. Ta ce kaskon da ya fi ni hankali. Bakin ya ba mu wuya. Na goge, na sake, na goge. Wata yamma na ɗan ɗaga gefen hagu na leɓen sama, sai na ji ta yi shiru. Na waiga. Tana dariya, irin dariyar da ke jikin yadin sak, hawaye na bin kuncinta, ba ta kuma share ba.

Ƙunar da ke ƙasan allon ban taɓa gyara ta ba. Kaka ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Hoton na ɗakinta har ranar, a jingine bisa akwati, yana fuskantar gadonta.