Durƙuso Uku na Wendell Guidry

Shekara goma sha ɗaya Wendell Guidry ya yi a ƙwallon ƙwararru, ƙwallon nan tamu ta Amurka, ta hular kwano da karo, kuma ba a taɓa wanke rigarsa don ta yi datti ba. Ana dai wanke ta saboda ƙa'ida. Shi kwatabak ne, mai karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gudu, wanda duk wasan ke rataye a hannunsa. Sai dai shi na ajiya ne. Aikinsa ranar Lahadi ya tsaya a bakin fili da hular hana-salla, ya tafa in an ci, ya girgiza kai in an ɓarar. A garuruwa biyar ya yi wannan aiki, babu inda aka taɓa kuka da shi.

A jami'a, can Louisiana, ba haka yake ba. Hotonsa har a gidajen mai. Tsofaffin mata suna ambaton sunansa a addu'ar coci, an raɗa wa jarirai Wendell, da karnuka ma. A tsarin wasansu na can, baya yake tsayawa, mai miƙo ƙwallo ya wurgo masa ita ta tsakanin ƙafafu, ya cafe, ya jefa. Bai taɓa cusa hannu ƙarƙashin ɗuwawun wani ƙato don a danƙa masa ƙwallo ba sai da ya shiga ƙwararru, inda ya koya a makare, ba kuma da kyau ba. A can ne ma ya gano cewa kowane gari a ƙasar nan da nasa Wendell ɗin, wasu har sun fi shi tsawo.

Wannan Lahadin ta Disamba ita ce ta ƙarshe gare shi. Tsohuwar jami'arsa ta yi masa alkawarin aikin koyar da yara jifa, shugaban wasanninta ya ce mutum mai tsabtataccen suna suke nema. Matarsa Marvella ta riga ta zuba kayan gida a kwalaye. Sunan Wendell kuwa tsaf yake, irin tsabtar kwanon da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Abin da ya rage masa kawai ya kai yamma bai taɓa komai ba.

Ruwa ake yi tun safe. Wasan ba ya kai kowa ko'ina, amma da maƙwabta ake yi, waɗanda garin ya shekara bakwai bai ci su ba, don haka fili ya cika maƙil da mutanen da suka zo a jiƙe kuma a fusace. Ana dab da tashi su Wendell suna gaba da maki biyu, ƙwallo a hannunsu, abokan gaba sun ƙarar da damarsu ta tsayar da agogo. Saura durƙuso: kwatabak ya karɓi ƙwallo, ya sa gwiwa ƙasa, agogo ya yi ta tafiya, a maimaita sau uku, kowa ya kama gabansa. Ko fasto ya iya. Hanya ɗaya ce tak ta ɓata shi, ita ce ƙwallon ta suɓuce wajen karɓa. Waɗanda hakan ta taɓa faruwa da su kuwa, talabijin na nuno su duk shekara har su mutu, in sun mutu a nuna a labarin rasuwarsu.

Sai ga Jace Hollinger, babban kwatabak kuma tauraron ƙungiyar, ya fito daga fili riƙe da hannun dama, babban yatsansa yana nuna wani gari daban.

"Guidry!" Koci Dabrowski ya daka tsawa. "Ina hular kwanonka?"

Tambaya ce mai kyau. An same ta ƙarƙashin benci, wani yana tara ɓawon gyaɗa a ciki.

Ƙattai goma suka zagaye shi a tsakiyar fili, suna ta tururi kamar shanu. Cleophus Rudd, mai miƙo ƙwallo, ya dube shi sama da ƙasa. Shekara uku suna ƙungiya ɗaya, amma a atisaye tauraro ake ba kowace ƙwallo, don haka Wendell bai taɓa karɓar ko ɗaya daga hannun Cleophus ba. Abin da ke tsakaninsu miya ce. Al'ada ce kwatabak ya yi wa ƙattan da ke kare shi kyauta a ƙarshen shekara. Jace agogon zinare yake raba musu, Wendell kuwa tukunyar gumbo yake dafawa, da kuɓewa da jatan lande.

"A'a, Kawu! Ɓatan hanya ka yi? Kicin yana can baya."

"Rufe min baki, Cleo. Ta wane gefe kake juyo ƙwallon?"

"Yau kake tambaya? Shekara uku ina shan miyarka, ko sau ɗaya ba ka taɓa gaida ɗuwawuna ba."

"To ga ni na zo gaisuwa. Me ya sa wandonka ya jiƙe haka?"

"Rabi ruwan sama ne."

"Sauran fa?"

"Kada ka bincika, Kawu."

Suka jeru. Wendell ya sunkuya, ya cusa hannu, ya kira lambar fara wasa. Ƙwallon ta zo da ƙarfi, a karkace, da santsi kamar tarwaɗa. Ta ratsa tafukansa, ta bugi cikinsa, ta nufi ƙasa. Gwiwoyinsa ne suka matse ta, ba da shawararsa ba, sai ya kife a kanta. Nan take aka yi masa rumfa da mutane. Yana kwance da fuska cikin taɓo, hannun wani yana tono ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya hango kwalayen Marvella, ya hango shugaban wasanni yana cewa za su neme shi, ya hango jikokinsa suna kallon wannan faɗuwa a wayoyinsu. Alƙali ya busa usur, aka ɗaɗɗaga mutane. Ƙwallon tana nan a ƙarƙashinsa.

Wani ƙato daga ɗaya ɓangaren ya dafa masa hula. "Baba, don Allah a sake mana irin wannan. Mu ma da iyali."

A cikin hular kwatabak akwai 'yar rediyo da koci ke magana ta ciki, kuma Dabrowski yana amfani da ita iya ƙarfinsa. "Matsa jikinsa! Danna hannunka sosai! Shekara nawa kana cin abincinmu, mutumin banza!"

Wendell ya tofar da ciyawa, ya dubi Cleophus. "Baya zan tsaya. Wurgo min ita."

"A durƙuso? Haba Kawu, wa ya taɓa yi? Dariya za a yi mana."

"A yi. Wannan dariyar ta mako guda ce. Waccan har jikoki."

"Koci fa?"

"Jira kaɗan."

Doka ta ce in an kusa fara wasa sai a katse rediyon koci. Wendell ya daɗe yana ganin babu doka mai hikima kamarta a duk littafin. Dabrowski yana tsakiyar bayani a kan asalin dangin Guidry, muryar ta ɗauke ɗif.

Ya ja baya, ya tsaya inda ya saba tsayawa yana ɗan shekara ashirin, ya goge hannu a tawul. Daga nan yana ganin komai: ƙattan, fitilu, ruwan da ke zuba a karkace. Ya tafa hannu. Ƙwallon ta taso a hankali tana juyawa, ta sauka a tafukansa kamar ta san gida. Ya sa gwiwa ƙasa. Rabin filin na ihu, rabi na dariya, a bakin fili kuma Dabrowski yana dukan iska da allonsa. Da agogo ya zagayo Wendell ya sake tsayawa can baya, ya sake cafewa, ya sake durƙusawa, wannan karon bai yi saurin tashi ba. Taɓon da sanyi, amma bai taɓa jin wurin zama mai daɗinsa ba.

Cleophus ne ya ɗaga shi da hannu ɗaya. "Tun da can baya ka durƙusa, ka san a tarihi za a rubuta baya ka kai mu, ko? Duk rayuwarka ta ƙwararru, jimillarta ci baya."

"A rubuta. Ƙwallon dai tana hannun wa?"

"Kawo ta nan in ajiye maka, kafin ka yar."

Koci ya wuce su bai zagi kowa ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Marvella tana jiransa a bakin ƙofar 'yan wasa da lema. Ta dubi rigar da ya fito da ita a leda, baƙa ƙirin da taɓo, ta riƙe ta nesa da jikinta.

"Wannan fa? A ina ka faɗi?"

"A wurin aiki."

"Ikon Allah. Ashe ana faɗuwa a aikin naku." Ta buɗe masa mota. "Mutumin jami'a ya kira ɗazu."

Wendell ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. "Ya gani?"

"Ya ce bai samu kallo ba, yana wurin bikin 'yar ƙanwarsa. Tambaya yake, Litinin za mu iso ko Talata."

Wendell ya shiga ya zauna, ya jingina kai, ya lumshe ido.

"Talata," ya ce. "Gwiwata tana ciwo."