Ganda a Ruwan Badaru

Na'ibi na ɗaure guntun ganda a cikin kejin waya lokacin da Abdulghani, mai kwalekwalen, ya toshe hanci.

"Ya Hajji, fatar saniya? Ƙaguwa ba Takari ba ce."

"Sardin ya yi maka tsada, kan kaza ya narke tun kafin azahar. Wannan sai ta kwana uku tana ƙamshi."

"Halas, shi ke nan. In kejinka ya fito wayam, akwai Bangali mai iƙama, takardar zaman ƙasa, da ke jiran gurbinka."

Na'ibi ya ci gaba da ɗaurin gandarsa. Mutumin da ya sauka Jidda da harami kaɗai, bai san alif ba, ya ga bayan kafili huɗu, iyayen gidan da suka tsaya masa, 'yan kame suka gaji da shi suka bar shi, shi za a tsorata da Bangali? Sai dai tsufa ya zo, kuma babu wani jirgin kamun kifin da zai ɗauki dattijo marar takarda.

Gandar ma Rabi'a, matar ƙaninsa Badaru, ce ta babbake masa a unguwar Hindawiyya. A bayan wani dutsen murjani Badaru ya nutse, shekarun baya. Na'ibi ne ya ciro shi da hannunsa, shi kaɗai ya ga abin da ƙaguwa suka bari na fuskar. Ya ce wa Rabi'a ya same shi kamar mai barci. Tun ranar bai sake jefa keji a wurin ba, ko da yake duk tekun babu inda ya fi nan yawan ƙaguwa.

Abdulghani ya zuba kejin sardin a inda aka saba. Na'ibi ya daɗe riƙe da nasa, sannan ya nuna dutsen da haɓa.

"Kai ni can."

Ruwan wurin kore ne, shiru. Igiya ta bi ta tafinsa, sanyi ƙalau.

Washegari da hantsi suka jawo. Kejin sardin rabi. Na ganda kuwa sai da suka kama shi su biyu. Ƙaguwa maƙil, manya, suna hawan juna, ƙafafunsu na ƙwanƙwasa waya. Sun cinye gefen fatar, sun bar tsakiya fari fat.

Abdulghani ya sumbaci kan Na'ibi.

"Wallahi kai shehi ne, ya Hajji. Daga gobe duk kejin a nan za mu zuba. Ka ce wa mai gandar ta ƙaro."

"To," in ji Na'ibi.

Ya wanke hannu a ruwan, ya sake wankewa.