Warin Hagu

Ni Sambo, ƙafar dama ce ta rage mini. Ta hagu na bar ta kan hanyar Zagga shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da motar albasa ta haɗa ni da babur ɗina ta markaɗe. Ba don a ji tausayina nake faɗa ba, na tsani wannan kallon. Ina faɗa ne don ku san yadda aka yi na haɗu da Yero.

A asibiti a Birnin Kebbi gadonsa na kusa da nawa. Bafulatani ne daga wata ruga can bayan Segbana, cikin ƙasar Benin. Kububuwa ta sare shi a ƙafar dama, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ƙafar ta ruɓe. Kwana uku bai ce da ni uffan ba. Rana ta huɗu ya leƙa ƙarƙashin gadona ya ga takalmana, hagu da dama, kamar yadda matata Aminat ta kawo su cikin ruɗewa.

Ya ce, "Kai Bahaushe, lamba nawa kake sawa?"

Na ce arba'in da uku.

Ya ce, "To ba ni na hagun nan, mi za ka yi da shi?"

Wallahi ranar na fara dariya tun da aka yanke ni. Nas sai da ta zo ta yi mana tsawa.

Daga nan muka ƙulla. Ƙaramar Sallah Yero zai sayi takalmin fata a kasuwar Kandi, ya riƙe na hagu, ya aiko mini da na dama. Babbar Sallah ni zan saya a nan Bagudo in aika masa da na hagu. Kullum sai ya kushe nawa. Wai takalmin Najeriya in ya ga ruwan sama sai ya buɗe baki. Shi kuma ba shi da haƙuri ko na anini, a gaban mai shago yake zura nasa ya dogara sanda ya tafi gida, ko da saura wata guda Sallah.

Mai kawo mini saƙon ita ce Hajiya Barira, 'yar kasuwa ce da ke shigo da takalma katan-katan daga Benin. Ni kuma ba na iya jira ta iso Bagudo. Mota nake shiga in haye gadar Tuga in wuce Tsamiya, in zauna a rumfar kwastan ta bakin iyaka ina jiran ta. Aminat ta ce wannan wauta ce, kuɗin motar ya kusa sayen wani takalmin. Ta yi ta faɗa. Daga rumfar nan ana hango hanyar da Yero yake bi, shi ke nan dalilina.

Zaman rumfar ne ya sa na san aikin Ofisa Ibrahim Khalil, jami'in da ke duba kaya. Ni da a wurina takalmi takalmi ne. Shi a wurinsa kowanne da gidansa a cikin wani ƙaton littafin fito. Sai ya ɗaga takalmi ya shinshina, ya karce cikinsa da farce, ya juya ƙasan. In sama fata ce ƙasa roba, lambarsa daban. In sama leda ce mai kwaikwayon fata, daban. In sama ƙyalle ne, daban. Wanda aka taɓa sawa kuwa ba ya ma zama cikin sababbi. Kuma lambar ce ke yanke abin da za a biya, shi ya sa 'yan kasuwa ke rantsuwa da Allah cewa fata leda ce, alhali a shago za su rantse ledar fata ce.

Shekarar farko da ya buɗe ƙunshina ya ga wari guda, sai ya zazzage ledar, ya leƙa ƙasan tebur.

Ya ce, "Baba, ina ɗan'uwansa?"

Na ɗaga masa sandata na ce, "Ɗan'uwansa na Benin yana kiwon shanu."

Da ya ji labarin sai ya rufe littafin. Ya ce sama fata ce, ƙasa roba, wannan ba gardama. Amma wari guda da aka aiko wa mai ƙafa guda ba kayan kasuwa ba ne, tsaraba ce, in ɗauki abina. Tun daga nan duk shekara sai ya yi wa warin nawa cikakken bincike don tsokana, ya shinshina, ya karce, sannan ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "A gaida na hagu."

Bana ne abin ya tsaya mini a rai. Rugarsu Yero ba sabis, sai ranar kasuwa yake kirana in ya shigo gari. To tun kafin azumi ban ji muryarsa ba. Na kira har na gaji, wata mata ce kullum take yi mini Faransanci a kunne. Na yi fushi, na ce Bafulatanin nan ya sayar da wayar ya sayi tunkiya. Na yi fushin ne don kada in yi tunanin wani abu. Gaskiya kewarsa nake yi. In na ɗinka rabin riga a kan keke sai in tsinci kaina na tsaya ina sauraron waya.

Ran ashirin ga azumi na tafi bakin iyaka. Rana kamar za ta dafa mutum, ga ƙishirwa. Sai bayan azahar motar Hajiya Barira ta tsaya. Na ɗaga mata murya tun daga nesa.

"Hajiya, ina mutumina? Ya mutu ne ko rowa ce?"

Ta ce wai bari a gama da kaya tukuna, ta juya tana faɗa da direba a kan igiya. Matar da ko gaisuwa sai ta haɗa da labari uku! Sai na ce azumi ne ya sha ta.

Aka sauke katan goma sha biyu. Ofisa Ibrahim Khalil ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suka yi 'yar jayayyarsu a kan wasu masu sheƙi, ita ta ce leda, shi ya karce ya nuna mata. Ni duk ban ji rabin abin da suke cewa ba, idona na kan wata baƙar leda da ta ajiye a gefen tebur. Ta fi ta kullum kumburi.

Da ya gama ya jawo ta yana murmushi. "To Baba, mu ga na bana."

Ya zaro na dama. Ja ne mai duhu, irin launin da Yero yake so, ɗinkin gefe fari. Ya shinshina, ya ce fata ce ta gaske. Ya sake sa hannu don ya ninke ledar, sai ya tsaya. Ya zaro na hagu.

Bakinsa ya riga shi, don aikin ya bi jikinsa. Ya ce, "A'a, wannan ai cikakke ne, sai ya shiga..." Bai ƙarasa ba.

Ya juya ƙasan na hagun kamar yadda yake yi wa kowane takalmi. Fes yake. Ko ƙwayar ƙasa bai taɓa takawa ba.

Hajiya Barira ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Malam Sambo, sai haƙuri. Ya aiki ƙanensa kasuwa ya sayo, yana kwance. Zazzaɓi ne. Kwana huɗu kafin azumi aka kai shi makwancinsa. Matarsa ta ce ya ce kada a raba su, a kawo maka duka. Ni na kasa faɗa maka, wallahi na kasa."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake faɗa. Sai na ji ina cewa, "Ɗan banza, ko ka gwada shi mana." A gaban direba, a gaban 'yan kasuwa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka yanke ƙafata.

Ofisa ya mayar da su cikin leda a hankali. Ya ce, "Ɗauki, Baba. Har yanzu tsaraba ce, ba zan rubuta ba. Allah ya jiƙansa."

Ranar Idi na sa na dama na tafi masallaci. Ya yi mini daidai, kamar kullum, Yero bai taɓa kuskuren lamba ba. Da na dawo Aminat ta ce in nemi wani mai ƙafar hagu a garin nan in ba shi ɗayan, lada ne. Na san gaskiya ta faɗa. Na ce mata to.

Yau wata biyu ke nan. Babbar Sallah ta matso, lokacina ne in saya, kuma jiya na tsaya gaban mai takalma na tambayi arba'in da uku kafin in tuna. Na hagun yana nan ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a in na goge nawa sai in goge shi.