Na Ɗaya na Fikri, Na Biyu na Makram

Shekara ashirin da shida ina auren Fikri, kuma shekara ashirin da shida ke nan tangarayen aurena suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Kowace mace a unguwarmu ta Shubra tana da kabad ɗin gilashi a falo, ta jera kofuna da farantan da ko uwar mijinta ba ta isa ta sha shayi da su ba. Ni ma ina da kabad ɗin, babana ya saya mini. Amma abin da ke ciki littattafan Safwat Badran ne, guda ɗari da arba'in, 'yan ƙanana masu shiga aljihu, duk sun yi ja don tsufa.

Safwat ɗin nan ɗan leƙen asiri ne na cikin labari, irin mutumin da zai faɗo daga jirgin sama ya tashi ya karkaɗe kwat, gashinsa ko motsi bai yi ba. Yana da direba, wai shi Zaglul, mai binsa ko'ina da tsohuwar mota.

Tun suna aji huɗu na firamare Fikri da abokinsa Makram suka kamu. Kuɗin tarar yaro ɗaya ba ya sayen littafi duk wata, sai suka raba: Fikri ya sayi na ɗaya, Makram na biyu, Fikri na uku, Makram na huɗu, haka har suka yi gemu. A wasansu Fikri ne Safwat, Makram ne Zaglul, don Fikri ya fi baki. Har yau idan Fikri ya leƙa shagon gyaran agogon Makram ya ce, "Zaglul, ta da mota," sai dattijon nan mai jika biyu ya miƙe ya ce, "Tana kunne, ranka ya daɗe." Mota kuwa babu wanda ya taɓa mallaka a cikinsu. Littattafan sun tare a gidana ne saboda mahaifiyar Makram ta taɓa sayar wa mai gyaɗa guda uku ya yi ƙunshi da su, da ƙyar suka samo madadinsu.

Ana saura mako guda azumi aka saki tallan fim ɗin Safwat, wanda za a fara nunawa ranar Ƙaramar Sallah. Daraktan ya ce wannan ba na yara ba ne. Ga Safwat ya tsufa, yana ɗingishi, ƙasumba buzu-buzu, jini a baki. Wata murya ta ce, "Wanda ya sayar da kai a teburinka yake shan shayi." Sai aka nuna wani hannu riƙe da makullin mota.

Wayyo ni Ihsan! Da na san abin da minti biyun nan za su jawo, da na jefa wayar a tukunyar wake.

"Sai yanzu!" in ji Fikri, yana zagaya falo. "Sai yanzu aka gane mun girma, Ummu Tamir! Jini! Cin amana!"

A ranar ya sayo tikiti biyu na nunin farko. Ya daina aske gemu. Mutumin da ke zuba cokali huɗu na sukari a shayi ya koma shan gahawa baƙi ƙirin yana yamutsa fuska. Ya dawo daga ofis sai ya tsaya jikin taga yana kallon titi, alhali babu komai a titin sai mai sayar da tumatir. Na ce masa abinci ya sauka, ya ce, "Kowa yana da farashi." Na ce har da tumatir, kuma ya ƙara tsada.

Ranar Juma'a Makram ya zo cin rana kamar kullum. Na yi cushen kabeji da shinkafa, yatsuna har ciwo suke don naɗi. Ba a kai loma uku ba Fikri ya zaro takarda daga aljihu.

"Zaglul ne ya sayar da shi," ya ce. "Na yi bincike. A littafi na sha bakwai, wa ya ce zai je sayo mai ya ɓace? A na talatin da uku, wa ya san ɗakin otal ɗin? A na hamsin da ɗaya fa? Duk ranar da aka kama Safwat, Zaglul ba ya wurin."

Makram ya yi dariya. "Haba Abu Tamir, neman taimako yake tafiya."

"Haka ya sa muka ɗauka shekara arba'in."

"Kai dai ci abinci. Makullin mota kowa na iya riƙewa."

Da Fikri ya tsaya nan da an wuce. Ina! Sai ya ƙanƙance ido irin na cikin tallan ya ce, "Ranar da Malam Adli ya kama ni da Safwat a cikin littafin lissafi ya zane ni, kana ina?"

"Na je fitsari!"

"Daidai lokacin."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Makram bai yi ba. Ya ajiye cokali a hankali, ya goge baki.

"Shekara arba'in ina buɗe maka ƙofar motar da babu ita," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ce a bar ni in zama Safwat ba. Yau wani yaro mai kyamara ya nuna maka makulli, ni na zama maci amana? Ummu Tamir, ki ara mini kwali. Nawa zan kwasa."

Kwali ɗaya ne a gidan. Na juye tangarayena a kan gado na miƙa masa, ya tsaya gaban kabad yana zarewa: na biyu, na huɗu, na shida. Fikri yana jikin taga ya juya baya, wai shi ba ya roƙo. Kabejina ya huce a tebur babu wanda ya ƙara taɓawa.

Ba zan yi ƙarya ba, kwana ukun farko daɗi na ji. Duk gurbin da littafi ya bari na cusa kofi ko faranti, butar shayin mai bakin zinare ta samu wuri a tsakiya. Amma ranar ɗaya ga azumi, da aka kira magariba, na ga Fikri yana satar kallon ƙofa. Makram Kirista ne, amma tun da na shigo gidan nan bai taɓa fashin shan ruwan farko da mu ba, da tiren kayan zaƙin nan kunafa a hannu, yana cewa shi ya fi mu jin yunwa. Bana kujerarsa haka ta zauna. Abin ya tsaya mini a rai, kofunan ma sai na ji sun fita kaina.

Fikri kuwa ya ce zai sake karanta labarin tun daga farko kafin Sallah. Ina yankan albasa ina kallonsa bayan la'asar. Ya gama na ɗaya, ya miƙa hannu bai duba ba, sai ya ji ya kama kofi. Ya ɗauki na uku. Ya gama, ya miƙa hannu, faranti.

Abin da bai taɓa lura da shi ba, don kullum a jere yake karantawa, shi ne marubucin nan bibbiyu yake yin labaransa. Ya ƙulla a ɗaya, ya warware a na gaba. Duk littafin Fikri a cikin masifa yake ƙarewa. An ɗaure Safwat a kan titin jirgin ƙasa. An rataye shi ta ƙafa a saman bene. An kulle shi a tanki ana sakin ruwa. Sau saba'in mutumin yana bakin mutuwa a falona, babu mai zuwa.

"Ummu Tamir," ya ce wata rana da 'yar murya, "yaya ma aka yi ya fita daga tankin nan?"

"Ni na sani? Tambayi butar shayi." Na goge hannu na ƙara da cewa, "Wai ni, binciken nan naka, na sha bakwai, na talatin da uku, na hamsin da ɗaya. Ba duk naka ba ne? Ka ko buɗa nasa guda ɗaya?"

Ya sosa ƙasumbar nan da ba ta yi masa kyau ba.

Ana jibi Sallah Afaf, matar Makram, ta zo taya ni gasa kahk, biskit ɗin Sallah, don mu babu ruwanmu da shirmen maza. Ta ce nata gwanin ma ba ya cin abincin kirki. "Kullum yana zaune da littafi. Kowanne ya buɗe, sai ga Zaglul ya fasa ƙofa a guje zai ceci mutum, shi kuma bai san abin da ya sami mutumin ba." Muka yi ta dariya har garin sukari ya shiga mini hanci, daga baya kuma na ga tana share ido da gefen hannu.

Ranar Sallah, da aka sauko idi, Fikri ya aske fuska tas. Ya ɗauki tiren kahk da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Na saka mayafi na bi shi, don ban yarda da bakinsa ba.

Makram yana shago, gilashin duba agogo a ido ɗaya. Bai ɗago ba.

Fikri ya ajiye tire, ya yi gyaran murya har sau biyu. "Na sha bakwai," ya ce. "Ruwa ya kai masa haɓa. Wata guda ke nan yana ciki."

Makram ya ci gaba da juya ɗan sukurun da ke hannunsa. Can ya ce, "Na sha takwas, shafi na tara. Zaglul ya fasa bangon da mota."

"Kullum yana zuwa?"

"Sau saba'in. Na duba duka."

Fikri ya zaro tikitin nan biyu, sun yi laushi don daɗewa a aljihu. "In kuma a fim ɗin suka ce shi ne?"

"To daraktan ma naka rabin kawai ya karanta."

 Mijina ya juya ya nufi ƙofar shagon, na ce a raina shi ke nan, girman kai ya sake cin sa. Sai ya kama ƙofar ya buɗe ta sosai, ya matsa gefe, ya sunkuyar da kai.

"Mota tana kunne, ranka ya daɗe," ya ce.

Makram ya cire gilashin daga ido, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki kahk ɗaya, ya gyara wuyan rigarsa, ya wuce ta gabansa a hankali.

Suka tafi tashar bas suna gardamar wanda zai zauna jikin taga. Ni kuma na biya gidan Afaf na karɓo kwalina da littattafan a ciki, na dawo gida na fara naɗe kofuna da tsohuwar jarida.