Sai Janairu

Babu abin da ke ƙara wa ma'aikaci lafiya kamar ya san kuɗin asibiti daga aljihunsa zai fita. Haka Mista Hollis, shugaban masana'antar gilashin mota da ke bayan garin Toledo, ya faɗa a walimar Kirsimeti, aka tafa. Sannan ya miƙa wa Marlene Dubicki, jami'ar kula da ma'aikata, lambar yabo, saboda bana kamfani ya rage abin da yake kashewa kan inshora.

Marlene ce ta yi wa ma'aikata bayanin sabon tsarin tun farko: kowace shekara mutum zai fara biyan dala dubu huɗu da kansa kafin inshora ta sa hannu, ranar ɗaya ga Janairu kuma lissafi ya koma farko.

Wendell Pruitt, direban motar lodi, ya fi kowa ganewa. Bara war haka ya tsaya a ƙofar ofishinta yana murza ƙirji.

"Shugaba, in na je yanzu na biya, Janairu in sake biya, ko?"

"Haka ne."

"To zuciyar nan ta yi haƙuri. Ai ba ita ke biya ba."

Ta yi dariya a ranar. Ana jibi sabuwar shekara aka tsinci gawarsa a cikin motarsa, injin na aiki. Har yau rigar sanyinsa tana nan rataye a ɗakin hutun ma'aikata. Ba a hana cirewa ba, ba a kuma cire ba.

"Ke 'yar gaban goshi, ba ki taɓa kek ɗinki ba," in ji Doreen ta ofishin albashi, a wajen walimar. "Ko lambar yabon za ki ci?"

Wayar Marlene ta yi ƙara. Ta shige ɗakin hutu ta rufe ƙofa. Daga asibiti ne.

"Misis Dubicki, an samu gurbin yi miki gwaji ranar Alhamis. Likita ta ce ƙullutun nan na ƙirjinki ba ya son jira."

"Nawa ne gwajin?"

"Ai ba ma sani sai an yi."

Iskar na'urar ɗumama ɗaki ta ɗan motsa hannun rigar. Marlene ta juya mata baya. A waje an sake tafawa.

"Ba ku da gurbi a Janairu?"

"Sai tsakiyar wata fa."

"Sa ni a nan," in ji ta.

Ta koma ta ɗauki kek ɗinta.