Jan Kwanso da Shinkafar Yagana

Muttaka tela ne, da keken ɗinkinsa yake ciyar da iyali a bakin kasuwar Haɗejiya. Amma mai son ganin fara'arsa sai ya zo zaurensa ranar Asabar da hantsi. A nan yake shimfiɗa tabarma, ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa cike da kwanson harsashin da aka riga aka harba, ya zauna yana sake cika su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Bindigarsa mai baki biyu ce, gadon mahaifinsa, da lasisinta. Da rani yakan shiga fadama da ita ya samo agwagwar ruwa ta miya. Sai dai harbin bai dame shi ba kamar zaman cika kwanson nan.

Abokin zamansa Malam Bitrus ne, mutumin Filato, wanda ya koyar a makarantun garin har ya yi ritaya, ya kuma ƙi komawa gida don ya ce jikinsa ya manta da sanyi. Shi ma da tasa bindigar, da nasa gwangwanin. Shekara da shekaru suna zama a tabarma ɗaya, ba su taɓa yarda da juna a kan kwanso ba.

Muttaka na kwali yake so, jajaye, irin na da, waɗanda yake tsinta a hannun tsofaffin mafarauta a kasuwar Kafin Hausa. Ya ce bakinsu yana lanƙwasuwa a hankali kamar kalmasar riga, kuma in an harba akwai wani ƙanshi da ke tashi wanda roba ba ta san shi ba. Malam Bitrus kuwa koraye ne nasa, na roba.

"Ticha, wannan naka ai butar alwala ce aka yanka," in ji Muttaka, yana juya ɗaya a yatsunsa.

"Butar ta fi kwalin shayi, Baushe maharbi. Naka in ka cika sau biyu sai jana'iza."

"Abu mai daraja ai ba ya daɗewa."

"To ni da na daɗe fa?"

Sai su yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa.

Wata Asabar, a ƙarshen damina, suna cikin wannan sai ga Yagana ta yi sallama. Matar yayan Muttaka ce, marigayi Nu'uman, wanda ya rasu bara ya bar mata 'ya'ya da gonar shinkafa a hayin kogi. Ta gaishe su daga bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

"Yaya, lafiya kike tafe da rana haka?"

"Tsuntsayen nan ne janbaki, Muttaka. Sun sauka a cikin ciyawar kacalla bayan gonar. Shinkafa ta yi nono, ka san lokacin da suka fi so ke nan. Jiya da safe na kaɗa gwangwani har hannuna ya mutu, ko a jikinsu."

Muttaka ya ajiye kwanson da ke hannunsa. Ya san shinkafar nan ita ce tuwon gidan Yagana har wata kakar, ba ta da wata gonar. Ya kuma san janbaki: in suka yi wa gona zuwa uku ba mai kora, kara kawai za a girba. Da can marigayi ne yake tsaron gonar da tasa bindigar. Shi Muttaka bai taɓa shiga fadama da bindiga ba sai da rani.

"Ki je gida, Yaya. Gobe da asuba ina can."

Da ta tafi, ya shiga cika jajayen nan ba dalma a ciki, sai auduga, don ƙarar ake bukata ba kisa ba, kuma ba a zuba dalma a cikin abincin mutane. Malam Bitrus yana kallonsa, can ya turo masa nasa gwangwanin.

"Ɗauki koraye ka haɗa. Fadama yanzu ba irin ta rani ba ce."

"Gonar yayana ce, Ticha. Ba zan tsare ta da buta ba."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Malam Bitrus, ya ja abinsa.

Da yamma Muttaka ya hau kwalekwale ya haye don ya ga wurin. A tsakiyar gonar akwai 'yar rumfar da marigayi ya ɗaga a kan itatuwa, ruwa a ƙarƙashinta har gwiwa. Ya lura a hanya ruwa yana fantsamowa cikin jirgin, sai ya yi tunanin gobe da duhu-duhu abin zai fi haka, kada harsasansa su jiƙe. Don haka ya naɗe su a ƙyallen atamfa, ya cusa a cikin jinkar rumfar, can sama inda ruwa ba zai kai ba. Ya dawo gida yana jin ya yi dabara.

Washegari bayan sallar asuba ya iso da bindiga a kafaɗa. Raɓa ta kwanta a kan shinkafa kamar an yi yayyafi, jinkar rumfar ma sai ɗiga take. Yagana ta riga shi zuwa, tana gefen gona da gwangwaninta mai tsakuwa. Gabas ta fara ja, sai kacalla ta ɗauki hayaniya, daga nan baƙin gajimaren tsuntsaye ya tashi sama, ya karkata, ya nufo su.

Muttaka ya karya bindiga, ya zaro ƙyallen, ya ji shi da sanyi. Ya ɗauki harsashi zai sa, ya ƙi shiga. Ya ɗauki wani, shi ma ya tsaya a rabi. Kwalin ya sha laima ya kumbura, ya yi taushi kamar gurasar da ta kwana. Ya gwada su duka. Ya san ba a tura harsashi da ƙarfi, sai ya ajiye bindigar.

"Muttaka! Harba mana!"

Ya diro cikin ruwan, ya cire hularsa yana kaɗawa, yana ihu, babban mutum da furfura. Janbaki suka tashi daga gabansa suka sauka a bayansa. Haka shi da Yagana suka yi ta zagaye har rana ta yi zafi, tsuntsayen suka ƙoshi don kansu suka koma. Kusurwar yamma ta gonar ta yi fari, zangarniya tsaye ba ƙwaya.

Yagana ta dubi wurin, ta dubi jajayen da ke zube a rumfa.

"Da yamma za su dawo," kawai ta ce.

Daga bakin kogi bai biya gida ba. Ya iske Malam Bitrus a ƙofar gida cikin kwat ɗinsa na Lahadi, da matarsa Dibora, sun dawo daga coci. Malam Bitrus ya dubi wandon Muttaka da ya jiƙe har cinya, ya dubi ƙyallen da ke hannunsa.

"A'a, Baushe, kamun kifi ka koma?"

Muttaka ya buɗe ƙyallen. Malam Bitrus ya ɗauki ɗaya ya latsa, ya kai hanci.

"Ƙanshin dai yana nan."

"Ticha, ka faɗi duk abin da za ka faɗa, na ba ka daga nan zuwa azahar. Amma ka fito da butocin."

"Har azahar? Dibora, kin ji, yau ranata ce."

"Kai dai ka ji tsoron Allah," in ji Dibora. "Mutum ya zo a jiƙe kana masa wa'azi na biyu. Malam Muttaka, shigo ka sha kunu."

Malam Bitrus bai ma tuɓe kwat ɗin ba. Suka zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, gwangwanin koraye a tsakaninsu. Shi yana auna albarushi, Muttaka yana rufe bakin kwanso. Da farko robar ta ƙi bin hannunsa, yana lanƙwasawa tana miƙewa.

"Ba ta da kunya," ya ce.

"Ba lallashi take so ba, ba amarya ba ce. Danna ka riƙe."

Ya danna ya riƙe, ta zauna. Na gaba ya fi kyau, na bayansa har Malam Bitrus ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya ce tun da yake bai taɓa yin rufi mai kyan wannan ba, hannun tela daban ne. Muttaka ya tashi ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo suka ƙarasa.

Bayan la'asar su biyu suka haye. Malam Bitrus ya tsaya a kan tudun da ke kusa da kacalla, Muttaka ya hau rumfa. Da rana ta sunkuya, gajimaren ya sake tasowa. Muttaka ya sa kore, ya shige sumul. Ya bari sai da suka fara karkatowa, ya ɗaga baki sama ya saki. Ƙarar ta bi kan ruwa ta dawo. Garken ya tsage biyu, rabi ya yi wajen tudu, Malam Bitrus ya tare su da tasa. Suka haɗe a sama, suka yi kewaye, suka sake gwadawa ta kudu, aka sake amsa musu. Haka aka yi ta yi har magariba ta kawo jiki, sannan suka miƙe can ƙasan kogi, ba su sauka ba.

Yagana ta shiga gonar tana ratsa ruwa a hankali, tana kama zangarniya tana murzawa a tafin hannu. Ta daɗe. Da ta fito ta zo gindin rumfar.

"In ban da kusurwar can, duka tana da nauyinta. In an tsare ta haka har ta yi ƙwari, za mu ci mu kai baɗi."

"Za a tsare, Yaya. Safe da yamma."

Malam Bitrus ya iso yana tsamo korayen kwanso daga cikin ruwa, yana yarfewa yana jefawa a aljihu.

"Safe kuma taka ce, Baushe, ni gwiwata ba ta son raɓa. Yamma ka biyo mini."

"Na ji. Ka bar mini rabin gwangwanin."

"Aro ko kyauta?"

"Aro. Da an yi girbi ka zo ka kwashi kayanka."

Yagana ta kwance bakin zanenta ta fito da goro, ta raba biyu ta miƙa musu.

"Ku yi ta musunku a jirgi," ta ce. "Mai fito yana jira, sauro kuma ya fara."