Wardin Inna

Ni na karɓe almakashin daga hannun Inna, kuma har yau ban ce na yi laifi a nan ba. Ciwon suga ya riga ya ci idonta, ba ta ganin komai sai inuwar mutum idan ya gifta. Wata safiya ta yanke yatsa wajen gyaran furen wardinta, ɗan yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma sai da muka yi wata biyu muna zarya asibiti kafin ya rufe. Likita ya ce in aka sake, yatsan ne zai tafi. Ina dawowa gida na jefa almakashin a akwatin kayan aikina na kulle.

"To wa zai riƙa gyara min shi, Auta?" ta tambaye ni.

"Ni mana. Shekara ashirin ina kafinta, itace ne zai gagare ni?"

"Kai mataccen itace ka sani," ta ce. "Wannan da ransa."

Na yi dariya na wuce. Ina da wannan halin, in na ga na iya abu ɗaya sai in ɗauka na iya maƙwabtansa duka.

Wardin yana bayan ɗakinta, tsakanin famfo da taga. Yayarta ce ta dasa mata shi shekara goma sha takwas da suka wuce. Yayar ta rasu, an sayar da gidanta, sabon mai gidan ya malale lambun da siminti, don haka babu irinsa ko'ina sai wannan. Furensa manya ne, ja mai duhu, ƙamshinsu kan shigo ta taga har kan gadon Inna. Tun da ido ya tafi, wannan ƙamshin ne ya rage mata a duk lambun.

Wata Asabar matata ta kai ta asibiti awon jini, na ce bari in ba ta mamaki. Na tsuguna gaban wardin na dube shi da idon sana'a. A tsakiya ga wani tsohon kara mai kauri, ya yi toka-toka, ɓawonsa duk ya tsattsage, ganyensa ba su fi a ƙirga ba. A gefensa kuma ga sabbin rassa huɗu sun huda ƙasa sun miƙe, kore shar, lafiya lau. Ko a shago, in katako ya fara ruɓewa cire shi ake yi kafin ya shafi na kusa. Almakashi ya kasa cin karan, na ɗauko zarto. Na yanke shi daidai da ƙasa, yanka mai kyau, sumul, har na ja baya ina yaba wa kaina.

Rassan nan huɗu kuwa kamar jira suke. Cikin wata uku sun kai taga, sun fara kama ƙarfenta. Ina ba su ruwa safe da yamma, ina zuba taki.

"Ya fara ɗaure kan fure?" Inna kan tambaya daga ɗaki.

"Saura kaɗan, Inna. Ai ya yi girman da bai taɓa yi ba."

Sauran furannin gidan suka buɗe, suka yi kwanakinsu, suka zube. Wardi shiru, sai ganye da ƙaya. Inna ta daina tambaya, amma kullum da hantsi sai ta sa a buɗe mata taga, ta zauna bakin gado ta fuskanci waje. Wannan zaman nata ya fi tambayar damuna.

Daga ƙarshe na karyo reshe ɗaya na kai wa wani tsoho mai sayar da dashe a bakin titi. Ya juya shi a hannu, ya ƙirga ganyen da ke jere a sili ɗaya.

"Bakwai, kuma ƙanana," ya ce. "Wannan ai ɗan daji ne."

"Wardin mahaifiyata ne, Baba. Ja, mai ƙamshi."

"Mai aure ne, ke nan. Ka san auren mangwaro? Haka ake yi masa. A samo gindin na daji mai ƙarfin saiwa, a ɗaura masa reshen na kirki a kai. Inda suka haɗu sai ya yi ƙulli. Daga ƙulli zuwa sama shi ne naku. Abin da ya fito daga ƙasa na dajin ne, cire shi ake yi don kada ya shanye abincin. Ina tsohon karan?"

"Na yanke."

"Sama da ƙullin ko ƙasa?"

"Wane ƙulli?" na ce.

Ya miƙo min reshena, ya ce Allah ya ba da haƙuri, da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Na bi tukwanen wardinsa ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, ko zan dace da mai kama da namu in dasa a ɓoye. Duk kyau ne kawai, ƙamshin ba shi ba ne.

"Kada ma ka fara," matata ta ce da na ba ta labari. "Idon Inna ne ya tafi, hancinta na nan. Ka je ka faɗa mata."

Kwana uku ina kewaya ɗakin kamar wanda ya yi sata. A na huɗu na buɗe akwati, na ɗauko almakashin da safar hannu mai kauri, na shiga. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

"Kai ni wurin," ta ce.

Na riƙe ta muka zagaya baya. Na sa mata safar, ta cire ta dama ta yar. Ta durƙusa da ƙyar, ta bi rassan da yatsu har ƙasa, ƙaya na jan hannun rigarta. Ta miƙo hannu na sa mata almakashin. Ta datse rassan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko ɗaya ba, suka zube a kan ƙafafuna.

"In ka bar ko rabin yatsa sama da ƙullin, zai iya tohowa," ta ce. "Yaya ta ce min yana da taurin rai."

Ta tone ƙasar da ke kewaye da kututturen, ta shafa samansa, ta shafa gefensa, ta sake zagayawa a hankali. Na tsaya ina kallon yatsunta suna nema. Ta daɗe tana yi, har na fara sa rai.

"Ka iya yanka, Auta," ta ce. "Ko tudu ba ka bari ba."

"Inna, ki yafe min. Ki riƙe almakashin, na dawo miki da shi. Ba zan sake karɓa ba."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta. Sannan ta laluba ta kamo hannuna, ta sa min shi a tafi.

"Mayar akwatinka," ta ce. "Me zan yanka da shi yanzu?"